Gyaran Rufin Tsohon Gida Kafin Damina Ta Sauka

Yawancinmu mukan koma gida babban hutu ne a tsakiyar damina, daidai lokacin da marka take kan ganiyarta. Saboda haka babu wanda zai ba mu labarin yoyo. Mun san irin daren da ake tashi a jawo gado zuwa tsakiyar ɗaki, a jera tasoshi da bokitai, a ɗora buhun hatsi a kan turmi, a cusa littattafai cikin leda. Gari na wayewa sai a ce, "Bana dai da rani sai an sa kwano." Rani ya zo ya wuce ba a yi ba. Ko kuwa a yi, hadarin farko ya kwashe kwanon ya kai shi gonar maƙwabci.

Maganar ta wuce jiƙewar katifa. A watan Agusta na 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina wajen shekarun 1830, ya rufta a kan jama'a har aka yi asarar rayuka. A watan Satumba na 2024 kuma tsohon masallacin Birni a Damagaram ya rushe bayan ruwa mai yawa. Idan ginin da dukan gari yake sa wa ido zai iya faɗuwa, to ina ga ɗakin kaka a ƙauye, wanda an yi shekaru ba a hau kansa ba?

Abin da muke so mu nuna a wannan maƙala shi ne, rufi da bangon da yake ɗauke da shi abu guda ne. Wanda zai gyara rufin tsohon gida sai ya fara sanin yadda aka yi shi, da abin da yake cin sa, da kuma nauyin da bangon zai iya ɗauka. Daga nan ne za a yanke shawara ko gyaran ƙasa za a yi, ko kwano za a ɗora, ko kuwa a haɗa duka biyun.

Yadda Magina Suka Tsara Rufin Soro

Ƙashin bayan rufin soro shi ne azara, wato itacen giginya da aka tsaga a tsaye. Magina sun zaɓe ta ne domin tana da tauri, gara kuma ba ta cika samun sa'arta ba. Sai dai azara tana da iyaka. Ba ta son a ba ta tazarar da ta wuce ƙafa 6, wato kusan mita 2, in ba haka ba sai ta fara lanƙwashewa. Wannan ne ya sa tsofaffin ɗakuna suke da ƙarancin faɗi. In ana son babban ɗaki ko zaure, sai magini ya fito da guntayen azara daga cikin bango hawa-hawa don ya rage tazarar, ko ya gitta su a kusurwoyi, ko ya kafa ginshiƙi a tsakiya. Gwanaye kuwa sukan yi bakan gizo ko ɗaurin guga, irin wanda ake gani a Gidan Makama a Kano da fadojin sarakuna.

A kan azara ake shimfiɗa zana ko asabari, sa'an nan a zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa a daddaɓe, a karkata ta kaɗan zuwa wajen indararo. Daga ƙarshe sai a shafe saman da abin da zai hana ruwa shiga. Wasu sukan yi amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Masu hali kuwa laso suke yi: katsi daga marina, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara, a kwaɓa su wuri guda. Kewaye da rufin akwai rawani, wato ɗan gajeren bangon nan da yake riƙe bakin rufin, a kusurwoyinsa kuma ga zankwaye.

Wannan tsari yana da sharaɗi guda: a riƙa hawa ana dubawa kowace shekara kafin ruwa. A da kowane maigida ya san wannan. Yau marina ta ragu, masu haɗa laso sun yi ƙaranci, samari sun tafi birni, sai aka bar rufin yana fama shi kaɗai.

Abokan Gaba Uku

Na farko shi ne ruwa. Mu tuna abin da muka koya a darasin lissafi: ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita guda ke nan. Ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi yana da rufin murabba'in mita 16. In aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita 800 ke nan ta sauka a kan ɗakin, wato duro huɗu. Duk wannan ruwa ta indararo ɗaya ko biyu zai fita. Idan ganye ko sheƙar tsuntsu ta toshe hanyar, sai ruwan ya kwanta, ya nemi tsaga, ya sauka kan azara da kan bango. Yawan ruwan kuma ya danganta da wuri. Damagaram takan sami wajen milimita 400 a shekara, Kano wajen 800 ko fiye, Zariya kuwa wajen 1,000. Ke nan rufin da ya isa a Damagaram ba lalle ne ya isa a Zariya ba.

Na biyu ita ce iska. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, kuma na farkon damina ya fi zuwa da iska mai ƙarfi. Mutane da yawa suna zaton iska tura rufi take yi. Gaskiyar ita ce tsotsar sa take yi sama. Yayin da take gudu ta kan rufi, nauyin iskar da ke sama yakan ragu, ta cikin ɗaki kuma ta tunkuɗo daga ƙasa, musamman in ƙofa ko taga tana buɗe ta wajen da iskar take fitowa. In gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfinta sau huɗu yake ninkawa. Iska mai gudun kilomita 100 a awa tana iya jan kowace murabba'in mita da ƙarfin da ya kusa kilo 50, alhali kwanon da ya rufe wannan wurin bai kai kilo 5 ba. Kusurwoyi da bakin rufi su suka fi shan wannan ja.

Na uku shi ne zafi. Ƙasa mai kauri takan sha zafin rana a hankali, ba ta sake shi cikin ɗaki sai dare ya yi. Shi ya sa soro yake da sanyi da tsakar rana. Kwano kuwa nan take yake ɗaukar zafi ya zubo shi kan mai ɗaki. Da bazara, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri yake wuce digiri 40, kwanon da ke cikin rana yakan wuce digiri 60.

To, in muka auna sai mu ga rufin ƙasa ya fi ƙarfin iska da zafi, amma ruwa yana ka da shi in aka yi sakaci. Kwano ya fi ƙarfin ruwa, amma iska da zafi suna ka da shi in aka yi aikin gaggawa. Gyara mai kyau shi ne wanda ya toshe raunin kowanne ba tare da ya zubar da amfaninsa ba.

A Fara da Bincike

Kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, a zaga gidan tare da tsohon magini. A fara daga ƙasa. Gindin bango ya zaizaye? Akwai danshi a jikinsa ko da rani? Bangon ya karkata, ko ya rabu da ɗan'uwansa a kusurwa? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma ta inda ƙadangare ya shiga ta nan ruwa yake bi. Tsagar da aka gani, a shafa mata ɗan yaɓe a gicciye a jira mako biyu ko uku. In yaɓen ya sake tsagewa, bangon yana motsi ke nan, ba a ɗora masa sabon rufi sai an gyara shi.

Sa'an nan a shiga ciki a ɗaga kai. A ƙwanƙwasa kowace azara da guduma ko ƙotar fartanya. Mai lafiya takan yi ƙara mai ƙarfi, ruɓaɓɓiya kuwa sai a ji ta kamar ganga. A fi lura da bakin azara inda ta shiga bango, domin nan danshi yake taruwa, nan kuma take fara ruɓewa ba tare da ido ya gani ba. A tsokana wurin da wuƙa ko ƙusa.

Akwai alamun da in an gan su ba a jiran rani. Idan rufi ya yi ciki ya sauko, ko ƙasa tana zubowa ba tare da an taɓa ba, ko ana jin itace yana ƙara da dare, ko ƙofar da take rufuwa lafiya ta fara cijewa, to a kwashe mutane daga ɗakin a ranar, a tokare azarar da itace mai ƙarfi, a kira magini.

Gyaran Rufin Ƙasa

Babban kuskuren da ake yi shi ne ƙara ƙasa kowace shekara ba tare da an kankare tsohuwa ba. Bari mu sake yin lissafi. Busasshiyar ƙasar gini mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, da zurfin mita 1 tana da nauyin wajen kilo 1,600. Rufin ɗakinmu na ɗazu, in kaurinsa santimita 20 ne, nauyinsa ya haura tan 5, wato kimanin buhun siminti 100. Duk shekarar da aka ƙara santimita 2 kacal, an ɗora wa azara buhu 10 ke nan. Cikin shekara 10 nauyin ya ninka, azarar kuwa tsufa take ƙara yi. In ƙasar ta sha ruwa nauyin ya fi haka. Saboda haka gyara yana farawa ne da rage kaya. A kankare abin da ya yi yawa, a fitar da azarar da ta mutu a sa sabuwa, a sake zanar da ta ruɓe.

Bayan haka a gyara gangara, ta yadda babu inda ruwa zai kwanta. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a zuba bokitin ruwa a bi shi da ido. A ƙara yawan indararo in ɗaya ne kawai, a sa mai faɗi, mai tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango. A liƙe wuyansa sosai inda ya ratsa rawani, domin yawancin yoyo daga nan yake farawa.

Wasu magina a yau sukan shimfiɗa leda mai kauri tsakanin ƙasar farko da ta sama. Dabara ce mai amfani in an kiyaye abu uku: ƙasar da ke ƙarƙashi ta bushe sarai kafin a rufe ta, bakin leda ya hau kan ɗan'uwansa ta yadda ruwa zai gangara ya wuce, kuma a binne ta duka, gama rana tana cin leda cikin ɗan lokaci. Wasu kuma sukan gauraya kwalta cikin shafen sama.

Abin da za mu yi hattara da shi shi ne shafa siminti kai tsaye a kan ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau, kuma ba sa miƙewa da tsukewa tare in zafi da sanyi sun sauya. Ba a daɗewa simintin yake tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar bushewa. Daga waje sai a ga gini sumul, ciki kuwa ya zama taɓo.

Idan Za a Ɗora Kwano

Inda ruwa ya yi yawa, ko babu mai hawa rufi kowace shekara, kwano yana da amfani. In azara tana da lafiya, ba dole ne a rushe rufin ƙasa ba. Ana iya rage nauyinsa a bar shi a matsayin silin, a ɗaga kwano a samansa. Ta haka kwano zai tare ruwa, ƙasa ta tare zafi da ƙarar ruwan sama. Sai dai a bar 'yar ƙofa da mutum zai riƙa leƙawa tsakani don duba gara.

Sirrin kwano yana wajen ɗauri. Mu ɗauke shi kamar sarƙa: kwano yana riƙe da katakon da aka gitta, wannan yana riƙe da rafta, rafta tana riƙe da katakon da aka kwantar a kan bango, shi kuma yana riƙe da bangon kansa. Duk inda aka bar sako-sako, nan iska za ta tsinka. A tsohon gida mahaɗar ƙarshe ita ce mai rauni, domin ƙasa ba ta riƙe ƙusa. Dole a ɗaure katakon da langa-langa ko waya mai kauri, a saukar da ɗaurin cikin bango kamar ƙafa 2 zuwa 3, a maƙale shi a jikin rodi ko itacen da ya ratsa bangon, don nauyin ginin da ke sama ya danne shi. In bangon ba shi da ƙarfin haka, gara a kafa ginshiƙai daban a waje su ɗauki rufin. Jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano ba ɗauri ba ne. Suna tara ruwa su jawo tsatsa, ranar babbar iska kuma su faɗo kan mutane.

Siffar rufi ma tana da tasiri. Rufin da ya gangara ta fuska huɗu ya fi jure iska a kan mai fuska biyu ko ɗaya, kuma wanda ya kwanta sosai ya fi saurin tashi. Gangarar da ta kusa digiri 30 ita ce madaidaiciya. Bakin kwano ya fito waje kamar ƙafa ɗaya da rabi zuwa 2, don ya kare bangon ƙasa daga feshin ruwa, musamman bangon gabas. In ya wuce haka sai ya zama fuffuken da iska za ta kama. Masu ɓoye kwano a bayan rawani kuwa su sani, sun rage wa iska wurin kamawa amma sun tara ruwa a magudanar da ke kan bango, kuma ranar da ta toshe ko ta tsage cikin bangon ruwan zai bi.

Wajen bugawa, a fara jera kwano daga yamma a nufi gabas... a'a, kada mai karatu ya ruɗe: manufar ita ce bakin kowane falle ya juya wa iskar gabas baya, don haka fallen yamma ake fara sawa, na gabas ya hau kansa. A gefe, falle ya hau ɗan'uwansa da tudu ɗaya da rabi. A tsaye kuma na sama ya hau na ƙasa da aƙalla santimita 15. Ƙusa a kan tudu ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa yake bi ba, kuma a yi amfani da mai hula. A bakin rufi da kusurwoyi da tsororuwa a ƙara yawan ƙusoshi. Katako kuwa a sayi busasshe, a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi. Kwano mai laushi kamar takarda ya fi sauƙin kuɗi, amma ƙusa takan yage shi, tsatsa kuma ta huda shi da wuri. Araha ba ta ado.

Silin da Iska

In an rushe rufin ƙasa gaba ɗaya, to silin ya zama wajibi, ko da na zana ko asabari ne. A bar kafofi tsakanin silin da kwano, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, don iska mai zafi ta riƙa fita. A rufe kafofin da raga saboda sauro da jemagu da ɓeraye. Shafa wa kwano farin fenti ma yana rage zafi, domin fari yana mayar da hasken rana.

Ga wani gargaɗi. A gidaje da yawa da aka gina shekarun baya akwai silin ko rufin asbestos. Yanzu an tabbatar cewa shaƙar ƙurarsa tana jawo ciwon huhu da ciwon daji, wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. In yana nan lafiya bai farfashe ba, a bar shi kada a huda. In dole ne a cire, a jiƙa shi da ruwa, a rufe hanci da baki, a sauke shi ɗungurungum ba tare da an fasa ko an yanka da zarto ba, kuma kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa.

Ina Ruwan Zai Tafi?

Aiki bai ƙare ba sai an san inda ruwan da ya sauko zai bi. Kwano yana zubar da ruwa da sauri fiye da ƙasa, in kuwa a gindin bango yake zuba, an ceci kai ne an kashe ƙafa. A tayar da ƙasa a gindin bango ta gangara waje, a zuba tsakuwa ko a yi daɓe inda ruwan yake faɗa, a buɗe masa hanya zuwa waje ba tare da an tura shi bangon maƙwabci ba. Mafi kyau ma a tare shi. Rufin murabba'in mita 50 a wurin da ake samun milimita 800 yana karɓar lita 40,000 a shekara. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sa'an nan a tara na baya a randa ko duro mai murfi.

Namu Aikin

Lokacin wannan aiki shi ne bayan kaka, sa'ad da akwai ɗan abin hannu, ƙasa kuma tana da watannin bushewa. Ya kamata a gama kafin ƙarshen watan Maris. In kuɗi bai isa a yi duka ba, a bi shi daki-daki: gindin bango da indararo tukuna, sai azara, sai ɗauri, kwano ya zo daga baya. A kuma tuna cewa giginya tana ƙaranci, tana kuwa ɗaukar shekaru da yawa kafin ta isa tsagawa. Wannan ƙarancin itace ne ya sa tun daga 1980 aka fara koya wa magina a Jamhuriyar Nijar yin rufin ƙubba da tubalin ƙasa zalla, ba azara ko ɗaya. Wanda ya sare giginya don gyaran ɗakinsa, ya dace ya dasa wata.

Mu ɗalibai ba mu da kuɗin kwano, amma muna da ido da lissafi da ƙafar hawa tsani. A hutun damina mu sa alama da alli a duk inda ya yi yoyo, domin da rani ba a ganewa. A hutun ƙarshen shekara mu nuna wa magini alamun. A hutun bazara mu share indararo, mu cire ciyawar da ta tsiro a kan soro, mu duba ƙusoshin da suka ɗago, muna lura da wayar lantarki. Magana da manya kuma da ladabi ake yin ta. Ya isa mutum ya durƙusa ya ce, "Baba, na ga azarar ɗakin Inna ta ɗan sauko, ko za a kira magini ya duba kafin ruwa?" Wannan tambaya ba ta cin ko kwabo, amma tana iya zama dalilin da iyali za su kwana lafiya a daren marka.